Ƙafata ta tara mini jama'a a Aboabo

Asabar ɗin nan na wuni a tsaye kan simintin kasuwar Kejetia ta Kumasi, ciniki bai bar ni na sha ko ruwan leda ba. Da yamma yaran layinmu suka ja ni ƙwallo, wai mutum ɗaya suka rasa. Da dare dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ya yi halinsa, zafi ya koro kowa tsakar gida da tabarmarsa.

Wajen ƙarfe 2 na yi miƙa cikin barci, sai naman bayan ƙwaurina ya dunƙule, ya yi tauri kamar ɗanyar doya, yatsun suka lanƙwashe ƙasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wayyo Allah! Ya kama ni! Ya riƙe ni!"

Kun dai san unguwarmu Aboabo. Kafin in ce ƙafa ce, Baba mai gida ya fito da adda, ba riga. Gidan bayanmu har sun fara ihun ɓarawo. Hajiya mai koko ta ce ba ɓarawo ba ne, mutanen ɓoye ne, ta durƙusa tana tofa mini addu'a a fuska, ƙafar kuwa na can tana cin wuta. Ni ina birgima da zanen uwargida, don shi na ɗaura saboda zafi.

Allah Ya sa 'yar Hajiya mai karatun nas tana gida. Ta ce, "Kawu, miƙe ƙafar." Ta kama yatsun ta turo su sama wajen gwiwa, tana murza naman da ɗaya hannun. Na ji abin yana saki a hankali. Sai ta ce in tashi in yi tafiya da dunduniya. Haka na zagaya tsakar gida, yatsu a sama, hannu riƙe da bakin zane, ga Baba tsaye da addarsa yana kallo.

Ta ce yawanci ba ya wuce minti 10. Gajiyar nama ce, da doguwar tsayuwa, da zufa ba shan ruwa. Ya fi kama waɗanda suka haura 50, da masu ciwon suga, da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari, da mata masu ciki.

Nan ne tela ya haska ni da tocila ya ce, "To Alhaji, wata nawa ne?"

Tela! Mutumin da shaddata ke hannunsa tun kafin ƙaramar Sallah, ga babbar ma ta wuce. Na biya shi har kuɗin aikin wuya. Kullum ka je, "Wallahi maɓalli kawai ya rage." Wane irin maɓalli ne wannan, daga Makka za a kawo shi? Kuma duk wannan hayaniya bai taɓa ƙafata ba, tocilar ma a kan zanen ya kafe ta. Da Baba ya ce a nemo mini kwinin, yarinyar ta ce likitoci ba sa son bayar da shi don wannan saboda illarsa, gara in dafa bango in ja jijiyar kafin in kwanta, in gasa wurin da ruwan ɗumi. Tela ya ce shi zai ara mini bangon shagonsa.

Da safe na ɗingisa har shagon, na ce a ba ni shaddata ko ɗinkakkiya ko a yanke. Ya tambaye ni jikin mai jego tukuna. Wai in dawo Laraba.