“Me ka tara?”

Shekara tara ke nan ina zaune a Ingila. Duk sanda na yi waya da 'yan uwa, akwai tambayar da ke kwance a ƙarƙashin gaisuwa: me ka tara? Ba a furta ta, amma ina jin ta. A wajenmu nasara abar gani ce da ido. Wane ya gina, ya saya, jama'a na ta sallama a ƙofarsa, to ya kai.

Nan kuwa ma'aunin daban ne. Wani abokin aikina aka ba shi ƙarin matsayi da albashi mai tsoka, ya ce a kai kasuwa. Dalilinsa kawai shi ne yana so ya riƙa ɗauko 'yarsa daga makaranta da kansa. A raina na ce wannan ai ragwanci ne. Sai da na yi shekara biyu ina fita yara na barci, in dawo suna barci, sannan na gane wane ne ragon tunani tsakanina da shi.

Kada dai a ɗauka na zo yabon Turawa. Lokacin nan da suke tattali, da yawansu su kaɗai suke cinye shi. A 2018 gwamnatin Birtaniya sai da ta ɗora wa wata minista alhakin matsalar kaɗaici. Ka ji fa, har da minista! Maƙwabciyata wata tsohuwa ce, gida nata ne, fanshonta na isarta, amma takan yi mako guda ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ranar da na taya ta ɗaukar kaya, ta tsare ni da hira har ƙafata ta yi sanyi.

Tun daga 1938 masu bincike na jami'ar Harvard da ke Amurka suka fara bin rayuwar wasu samari, har adadinsu ya kai 724, wasu ɗaliban jami'ar, wasu 'ya'yan talakawan birnin Boston. Sun bi su har tsufa. Abin da ya fi nuna wanda zai tsufa da lafiya da kwanciyar hankali shi ne kyawun alaƙarsa da mutanensa. Da na karanta na yi dariya, don kakata ba ta shiga aji ba amma ta san wannan. Sai dai a lura, kyawun alaƙa aka ce. Cikar ƙofa wani abu ne dabam. Mun sha ganin mai jama'a ya wayi gari hannunsa ya bushe, ko ƙuda bai sake sauka a gidansa ba.

Shi ya sa yanzu nake auna kaina da wasu abubuwa ƙanana. Idan ciwo ya kama ni da tsakar dare, mutum nawa zan kira ba tare da jin nauyi ba? Da na zauna na ƙirga da gaske, uku na samu, ɗaya ma ina kokwanto. Sannan ina duba ko asirina a rufe yake, ko ina barci ba fargabar bashi, ko akwai abin da na iya bana wanda ban iya ba bara.

Makon jiya yayana ya kasa haƙuri, ya tambaye ni ƙarara. Na ce masa, “Yaya, na rage kwanakin aiki, yanzu ni nake kai yara makaranta.” Ya yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ya ce, “To, Allah ya kyauta.”