Ina masu riƙon biro suka shiga ne?

Wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk inda ka je buga ƙwallon tebur ka riƙe bat kamar biro, sai a riƙa kallonka kamar ka fito daga gidan tarihi. Jiya wani yaro har da ce min "yaya, ai riƙonka ba daidai ba ne", haba!

Da wannan riƙon fa Ryu Seung-min na Koriya ta Kudu ya ci zinare a Olamfik na 2004, da roba a fuska ɗaya kawai ta bat ɗinsa, ƙafa ce ke yi masa aiki, sai Ma Lin na China ya zo ya ci na 2008. Na yarda ɓangaren hagu akwai rauni ga na-hannun-dama, kuma tun da aka ƙara girman ƙwallo zuwa milimita 40 a 2000 wasan ya koma na ƙarfi daga nesa, amma ai Wang Hao na China ya nuna ana bugu da bayan bat ɗin, ga Felix Lebrun na Faransa ma da wannan riƙon har tagulla ya ɗauka a Olamfik na 2024.

Kawai dai kociyoyi ne ba sa son wahala, riƙon musabaha, wato riƙe bat kamar kana gaisawa da mutum, ya fi sauƙin koyarwa, sai su tura kowane yaro can. Yanzu ko bat mai gajeren mariƙi sai ka sha nema.