Kukan Glenn Beck da shigarsa cocin Mormon

Na karanta wani labari da ke cewa har yau masu ra'ayin riƙau a Amurka ba su gama yarda da Glenn Beck, mai sharhin siyasa a rediyo da talabijin, ba, wai saboda yawan kukansa da kuma cocin da ya koma. Gaskiya abin ya sosa mini rai.

Mutumin nan a ɗariƙar Katolika ya tashi. Giya ta kusa hallaka shi, ya daina, sannan a 1999 ya shiga cocin Mormon tare da iyalinsa. Bai taɓa ɓoye ko ɗaya ba. To me ya sa da yake sharhi a tashar talabijin ta Fox News daga 2009 zuwa 2011, yana sukar Obama dare da rana, ba a damu da addininsa sosai ba? A watan Agusta 2010 ya tara dubban jama'a a Washington, fastoci suna tsaye a bayansa. Amma da an zo batun imani sai wasu 'yan bishara su ja da baya, su ce Mormon ba Kirista ba ne. Haka wani fasto ya yi wa Mitt Romney, ɗan cocin Mormon da ke neman takarar shugaban ƙasa, a 2011.

Kukan kuwa, na sha kallonsa: murya ta sarƙe, ya yi shiru, ya share ido, ya ci gaba. Ban yarda da rabin maganganunsa ba, musamman ranar da ya kira Obama mai wariyar launin fata. A kama shi da wannan, akwai hujja. Amma hawayen mutumin da ya rasa mahaifiya yana ɗan shekara 15 ba abin dariya ba ne wurina.