Dokar da aka samo wa leburorin Katar daga waje, wa zai tsare ta a ciki?

A 2010, lokacin da FIFA ta bai wa Katar damar karɓar gasar cin kofin duniya ta 2022, baƙon lebura a ƙasar ba ya iya sauya wurin aiki, ba ya iya hawa jirgi ya koma gida, sai kafilinsa ya sa hannu. Tsarin kafala ke nan. Ba shi kuma da inda zai kai kuka, domin doka ta hana baƙi kafa ƙungiyar ƙwadago.

Waɗanda suka tsaya masa daga nesa suke. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ITUC, da ta magina, BWI, sun yi ta kwarmato, har a 2014 wakilan ma'aikata suka kai ƙarar Katar gaban Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, kan aikin tilas. Katar ta ga abin zai ɓata mata biki. A 2017 ta amince da yarjejeniyar gyara, aka rufe ƙarar, a 2018 ILO ta buɗe ofis a Doha. An soke takardar izinin fita ga mafi yawan ma'aikata, a 2020 aka soke neman yardar kafili kafin sauya aiki, aka kuma yanke mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, da 500 na ɗaki da 300 na abinci idan mai aiki bai bayar ba.

Mai cewa tarukan ƙungiyoyin nan shan shayi ne kawai, ya dubi wannan jeri. Sai dai ni ban gamsu ba. An samo albashi, an samo izinin tafiya, amma 'yancin kafa ƙungiya, wanda shi ne zai tsare sauran, an baro shi a teburi. Har yanzu Katar ba ta rattaba hannu a yarjejeniyar ILO mai lamba 87 da mai lamba 98 ba, waɗanda suka shafi 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da masu aiki a ƙungiyance. Abin da aka bayar madadinsa kwamitoci ne na haɗin gwiwa a cikin kamfanoni, kuma kwamitin da ba ya iya kiran yajin aiki, shawara kawai yake bayarwa. An tashi daga wasa a 2022, 'yan jarida sun kwashe kayansu, ƙorafin riƙe albashi bai ƙare ba, kuma mai aiki na iya kai rahoton cewa ma'aikacinsa ya gudu, ya jefa shi cikin matsala da hukuma.

Yanzu ga Saudiyya, wadda aka bai wa gasar 2034, BWI kuma ta kai ta ƙara gaban ILO a 2024. Nan abin ya taɓa mu kai tsaye. Gyaran da Saudiyya ta yi wa kafala a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, kuma aikatau ne ke kai 'yan'uwanmu mata da yawa can ta hannun ejan-ejan, wasu ba su taɓa ganin takardar kwantiraginsu ba.

Ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya, NLC, mamba ce a ITUC, ofishin ITUC na Afirka kuma yana nan Lome, ba nisa. Ya kamata ta nemi a ba ta kujera a duk yarjejeniyar tura ma'aikata da Najeriya za ta ƙulla da ƙasashen Larabawa, ta kuma dage a taron ILO cewa kada a rufe ƙarar Saudiyya sai an saka masu aikin gida da 'yancin kafa ƙungiya a ciki.