Kura ta rantse, gari ya yarda

Mu bakwai muka rage a ranar, cikin sha biyun da muka fara wasan kura a gurup ɗinmu na WhatsApp, wasan da ƴan gari ke neman gano kurayen da suka ɓoye a cikinsu. Biyar sun tafi lahirar wasa, kuma babu kura ko ɗaya a cikinsu. Ke nan kuraye uku suna zaune tare da mu a gurup suna taya mu jimami, mu ƴan gari huɗu kacal. Kuskure ɗaya ya rage mana.

Ni dai na yi aikina. Na ja saƙonnin kwana uku tun daga sama, na samu bayan kwalin shayi na rubuta wa ya zaɓi wa, da ƙarfe nawa, wa ya canja ƙuri'a. Duk inda na bi, sawun yana ƙarewa ne a ƙofar mutum ɗaya, mai gyaran waya na fadarmu. Ranar farko shi ne na uku da ya ɗora ƙuri'a kan wanda aka kora, bai kawo dalili ba, cewa kawai ya yi "ni ma haka na gani". Rana ta biyu, saura minti huɗu a rufe zaɓe, ya janye daga kan wani da ƙuri'u suka yi wa yawa ya koma kan wani bawan Allah, ya juya sakamakon. A daren ne kuma aka cinye mai duba, wato mai ikon tambayar asalin mutum ɗaya kowane dare, wanda da rana ya jefa masa tambaya sau biyu bai amsa ba. Na jera wannan duka na tura bayan la'asar. Mutum uku suka ce sun gamsu.

Bayan magariba sai ga saƙon murya na daƙiƙa goma sha ɗaya. Ana jin ƙarar kabu-kabu a bayansa, murya na rawa: "Yaya, wallahi tallahi ba ni ba ne. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa. Mi na yi maka?"

Gurup ya yi tsit. Can wani ya rubuto, "To ai magana ta ƙare." Ɗaya bayan ɗaya aka janye, har da ni, ba zan ɓoye ba. Muka tattara ƙuri'u muka zuba wa ƙanena, wanda laifinsa kawai bai yi magana ba tun safe. Alƙalin wasa ya buɗe katinsa: ɗan gari. Wasa ya ƙare, kuraye sun ci. Da aka jero sunayensu, na farko mai gyaran waya. Shi kuma ƙanen nawa ashe yana hanyar Ɗan Isa ne, inda rezo ke zuwa yana tafiya, sai da dare ya buɗe waya ya tarar an yi masa jana'iza.

An yi dariya, an tura ƴan hotunan dariya rututu. Amma ni tawa ba ta kai ciki ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Alƙali yana raba matsayi a asirce, kowa ta saƙonsa. Mu sha biyu muke yi: kuraye uku, mai duba ɗaya, boka ɗaya, sauran ƴan gari. Kurayen sun san junansu, suna da ɗan gurup nasu, kowane dare su zaɓi wanda za su ci. Mai duba yana tambayar alƙali asalin mutum ɗaya a dare, boka yana kare mutum ɗaya. Gari ya waye a sanar da wanda aka ci, a yini ana muhawara, bayan isha'i a kori wanda ya fi ƙuri'a. In an gama da kuraye gari ya ci. In yawansu ya zo daidai da na ƴan gari, kuraye sun ci.

Asalinsa daga Rasha ne. Wani Dimitry Davidoff ya ƙirƙiro shi a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Mosko a 1986, da sunan Mafia, kuma abin da ya gina shi a kai shi ne karawa tsakanin ƴan tsiraru da suka san komai da jama'a masu yawa da ba su san komai ba. A 1997 wani Ba'amurke, Andrew Plotkin, ya cire ƴan daba ya sa mutane masu rikiɗa su zama kyarkeci. A 2001 aka fitar da shi da kati a Faransa, wanda ƴan makarantarmu ke kira lu-garu, kuma da wannan sunan ƙanena ya koyo shi wajen abokansa na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ya kawo mana fada. Yaran da suka rungumi wasan waya na Among Us a 2020, lokacin zaman gida na korona, su ma wannan wasan suke yi, an dai mayar da shi cikin jirgin sama jannati ne. Mu kuma muka ce kura, don ba sai an yi wa Bahaushe bayanin mutum mai rikiɗa ya zama kura cikin dare ba, da labarinsa aka yaye mu.

Ku dubi lissafin. An ci ɗaya a daren farko, saura sha ɗaya, uku kuraye. In da ka aka jefa ƙuri'a, damar a dace uku ce cikin sha ɗaya, ko kashi ɗaya cikin uku ba ta kai ba. Aka kuskure, aka kwana, saura tara. Aka sake kuskurewa, saura bakwai. Kuskure na uku, uku da uku, a tashi. In boka bai ceci kowa ba, zaɓe uku kawai gari yake da su. Shi ya sa farautar kura ba aikin "jikina ya ba ni" ba ce. Sawu ake bi. Kura ta iya gyara murya, ta iya kuka, ta iya zagin ƴar'uwarta a bainar jama'a don a ce ba su tare, amma ƙuri'a ba ta ƙarya sosai, domin a ƙarshe dole ta jefa ta inda za ta amfane ta. Saboda haka ma muka daina amfani da akwatin zaɓen WhatsApp, don in mutum ya canja ba ka ganin inda ya fara sawa. Da hannu muke rubutawa, "na zaɓi wane", ta zauna a nan kowa na gani. Wa ya bi ayari ba tare da dalili ba? Wa ya tashi kare wanda ba a ma zarge shi sosai ba? Mutuwar wanda aka ci jiya, wa ta yi wa daɗi? In ka ambaci suna a wasa, wa ya zabura? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daɗin wasan duk a nan yake, ka zauna da kwalinka kana ɗinka magana da magana har hoto ya fito.

To rantsuwa tana zuwa ne ta kwashe wannan duka ta zuba a kwata.

A duba ta ɓangaren wasan kansa tukuna. In rantsuwa ta halatta, kuma kowa mai tsoron Allah ne, to babu wasa. Da safen farko sai a ce kowa ya rantse, mutum takwas su rantse, uku su yi shiru, a kore su a tashi. Minti biyar. Hanya ɗaya tak da wasan zai ci gaba ita ce a samu wanda zai iya ɗaukar sunan Allah ya ɗora kan abin da ya san ƙarya ne. Ke nan mun shirya gasa wadda kofinta na mai saurin baki ne, mai taka-tsantsan kuma shi ne abincin farko. Muna da wani malamin makarantar boko a gurup, tun da na san shi ban taɓa jin ya ce wallahi ba, ko a ciniki. Sau biyu ana ce masa "Malam, in ba kai ba ne ka rantse mana", yana cewa ba ya rantsuwa kan wasa, ana korarsa, sau biyun kuma ɗan gari ne. Na uku bai shiga ba. Ya ce yana da gyaran takardun yara. Na san ba shi ba ne dalili.

Sai ɓangaren da ya fi nauyi. Na ji masu cewa wasan gaba ɗayansa bai dace ba tunda an gina shi a kan ƙarya, kuma akwai hadisin da ya yi alkawarin gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da wasa yake yi. Ban raina wannan magana ba, wanda ya bar wasan saboda ita ya yi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Nawa ganin shi ne, mutum sha biyu da suka zauna suka yarda cewa duk abin da za a faɗa a wannan fili kwaikwayo ne, ba wanda aka yaudara a cikinsu, kamar yadda wanda ya fito a ɓarawo a wasan kwaikwayon makaranta bai saci komai ba. Amma sunan Allah ba ya cikin kayan da alƙali ya raba. Aya ta 224 a Suratul Baƙara ta hana mu mayar da sunanSa abin gittawa a rantsuwoyinmu. Rantsuwar da aka karya kan abin da za a yi nan gaba tana da kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba azumin kwana uku. Ita kuwa wadda mutum ya yi da gangan alhali ya san ƙarya yake yi, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai ko kaffara ba ta da ita, sai tuba, don ta fi ƙarfin kwanon hatsi. Wannan aka kashe don a ci wasan da ko dala ba a sa a kai ba.

Da na tare mai gyaran wayar da maganar, cewa ya yi, "Haba Yaya, ai kowa ya san wasa ne." Na ce to in kowa ya san wasa ne, me ya sa muka janye ƙuri'unmu? Mun janye ne don mun ɗauka ka fito daga wasan ka yi mana magana a matsayinka na Musulmi. In da mun ɗauke ta wasa, da ba ta cece ka ba. Ba ka iya cin ribarta a matsayin gaskiya sannan ka biya kuɗinta a matsayin wasa. Ya yi shiru yana juya sukudireba a hannu.

Bayan kamar sati biyu wayata ta faɗi, gilashin ya tsage. Na kai masa, don duk unguwar Zariya ban san wanda ya fi shi hannu ba. Ya ɗauko sabo a leda ya ce, "Wannan na asali ne wallahi, jikka takwas na saye shi." Shekara nawa ina kai masa gyara, ban taɓa neman ragi ba in ya faɗi haka. Ranar sai na ji muryar nan ta daƙiƙa goma sha ɗaya a kunnena, sautin iri ɗaya, har ƴar rawar. Na karɓi ledar na juya ta, na duba bayanta, na ɗaga ta a rana. Ya lura. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, na biya na tafi. Wataƙila gilashin na asalin ne, har yau bai ba ni matsala ba.

Ba rantsuwa kaɗai muke shigowa da ita daga waje ba, ita ce dai babba. Akwai masu kwana suna gadin wa ke kan layi ƙarfe biyun dare, su ce ai kura ce, alhali mutum zafi ne ya hana shi barci an ɗauke wuta. Akwai mai ɗaukar hoton saƙon da alƙali ya tura masa ya nuna wa abokinsa a ɓoye. Akwai kuma girma. Babban fadarmu ya yi kura sau uku, sau ukun ya kai ƙarshe lafiya, don ba yaron da zai iya rubuta "na zaɓi Alhaji" ya kuma zo da dare ya karɓi kofin shayi daga hannunsa. Shi da kansa ya ce a daina jin kunyarsa, har yanzu ana ji. Wanda ba ya da baki kuwa, ko megarsa ta ƙare, ko baƙo ne da aka sa jiya, shi ake fara miƙawa. Wani lokaci in na ga yadda ƙuri'a ke taruwa kan mutum cikin minti goma, ba wanda ya ga komai sai dai kowa ya ga kowa ya zaɓa, sai in tuna yadda ake cewa "ɓarawo" a Babbar Kasuwa a ga har masu tallan ruwa sun bi da gudu, ko yadda ake laƙaba wa tsohuwa maita don ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata.

Yanzu mun sa doka, an maƙala ta a saman gurup. Duk wanda ya rantse, da sunan Allah ne, da Alƙur'ani ne, da ran mahaifiya ne, ko irin su "kar in kai gobe", alƙali zai fitar da shi nan take ko kura ne ko ɗan gari, kuma sukari da ganyen shayin daren na wuyansa. Wanda ya ce wa wani "ka rantse" shi ma hukuncinsu ɗaya, don shi ya haƙa ramin. Mutum biyu sun yi fushi sun fita, suka ce mun mayar da wasa kotu. Malamin ya dawo.

Baki dai ya riga ya saba. Shekaranjiya aka matsa wa wani yaro mai sayar da kati, ya rubuto "Walla" ya tura kafin ya farga, nan da nan ya goge. Mutum shida sun riga sun gani. Ya ce yatsa ne ya zame, ai bai ƙarasa ba, babu "hi". Aka yi rabin awa ana gardama ko rabin rantsuwa rantsuwa ce, a ƙarshe alƙali ya yanke ya zauna a wasa amma ya sayo rabin sukari. Mai gyaran waya ne alƙalin wannan zagayen, shi ya yanke hukuncin.

Yau rana ta uku. Saura mu takwas, boka ya ceci ɗaya, kuma kwalina ya nuna min Alhaji. Zaɓe bayan isha'i, na rubuta saƙon tun azahar ban tura ba.