Wa ya ce ƙarin ruwa ba ya kisa?

Tallan ya zo mini ne a WhatsApp, cikin zauren 'yan unguwa, tsakanin sanarwar ɗaurin aure da cigiyar akuya. Wani matashi sanye da farar riga yana cewa duk mai zazzaɓi ko kasala ya kira shi, zai zo har gida ya ɗaura masa ruwa, yaro ko babba, farashi da rahusa. Tallan bai ba ni haushi ba kamar amsoshin da suka biyo bayansa. Wannan ya ce Allah ya saka da alheri, wancan ya ce Allah ya ƙara kasuwa, ba tare da ya tsaya ya yi tunanin me ƙarin kasuwar ke nufi ba. Wata baiwar Allah kuma ta ce gara haka, domin ta kai ɗanta asibiti da zazzaɓi likita ya sallame su da ƙwayoyi, ko ruwa bai sa masa ba.

Wannan "ko ruwa bai sa masa ba" ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. A wurinmu ledar ruwa ta zama ma'aunin kulawa. In an rataye ta a ƙusa ko a ƙarfen taga tana ɗiga, masu jinya sai hankalinsu ya kwanta, a buga waya gida a ce an samu gado, har an sa masa ruwa. In ba a rataye ba, likitan bai san aiki ba, ko kuma ya raina talaka. Damina na sauka, sauro na tashi, za ka ga bayan kantar wasu kemis ya koma ɗakin kwanciya, alhali lasisinsu na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, bai haɗa da huda jijiyar kowa ba. In ka yi magana sai a ce maka ai ruwa ne kawai, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba.

Wannan magana ƙarya ce, kuma a nahiyarmu aka tabbatar da ƙaryarta, da rayukan 'ya'yanmu.

Ba zan sauke haushina duka a kan matashin mai farar riga ba, don ba shi ya ƙirƙiri aƙidar ba. Daga sama ya gada. Shekaru da dama abin da ake koya wa likitoci a duniya shi ne: yaron da zazzaɓi ya galabaitar, hannu da ƙafa suka yi sanyi, bugun jijiya ya raunana, a ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri, mililita 20 kan kowane kilo na nauyinsa, in bai farfaɗo ba a maimaita. Ƙa'idar ta fito ne daga manyan asibitocin Amurka da Turai, inda na'urar taimakon numfashi ke jiran yaro a ɗaki na gaba in ruwan ya yi masa yawa. Kuma har zuwa lokacin ba a taɓa gwada ta a babban gwaji ba, wato a kwatanta waɗanda aka ɗura wa da waɗanda ba a ɗura wa ba. Kowa ya ɗauka abin a bayyane yake, gwada shi ma ɓata lokaci ne. A ɓangaren manya kuwa, a 2001 wani likita mai suna Emanuel Rivers ya fitar da bincikensa daga asibiti guda a birnin Detroit, kan majinyata 263 da ƙwayoyin cuta suka bi jininsu, ya nuna cewa tsarinsa na gaggawa, wanda yawan ruwa a sa'o'i shida na farko ke cikinsa, ya rage mutuwa daga kashi 46.5 zuwa kashi 30.5 cikin ɗari. Duniya ta ɗauka da gudu.

Sai aka zo Gabashin Afirka. A 2009 wata tawaga ƙarƙashin Kathryn Maitland ta fara gwajin da aka sa wa suna FEAST a asibitoci shida na Yuganda, Kenya da Tanzaniya, irin su Mulago a Kampala, da Mbale, da Soroti, da Kilifi. Asibitoci ne irin namu sak: gado ya cika, nas ɗaya yara barkatai, babu na'urar numfashi. An ɗauki yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Fiye da rabinsu maleriya ce, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ɗura musu ruwan gishiri da sauri, kashi ɗaya aka ɗura musu ruwan albumin, wato wani sinadari da ake tacewa daga jinin mutum, kashi na uku ba a yi musu ɗurin gaggawa ba. Dukkansu an ba su maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta, da ruwan a-hankali daidai buƙatar jiki, da ƙarin jini ga wanda ya kama. Masu binciken ba su shiga da shakku ba. Burinsu su tabbatar da amfanin ɗurin don a yaɗa shi a asibitocin Afirka.

A watan Janairun 2011 kwamitin da ke sa ido kan alƙaluman ya ce a dakatar da gwajin. Cikin sa'o'i 48, kashi 10.6 na yaran albumin sun rasu, kashi 10.5 na yaran ruwan gishiri sun rasu, amma a cikin waɗanda ba a ɗura wa ba kashi 7.3 ne. Ma'ana, a cikin kowane yara 100 da aka yi wa wannan gata, an yi asarar ƙarin uku da da an ƙyale su da sun koma gida.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin ba alƙaluman ba ne. Likitoci da nas-nas da suka yi aikin sun sha mamaki, domin da idonsu suna ganin yaran suna farfaɗowa bayan ɗuri. Kuma ba ƙarya suka gani ba. Nazarin da aka sake yi daga baya ya nuna cewa a sa'a ta farko waɗanda aka ɗura wa sun fi nuna alamun samun sauƙi: jiki ya yi ɗumi, jijiya ta dawo. Daga baya ne zuciya da zagayawar jini ke durƙushewa. Uwa ta ga ɗanta ya buɗe ido ta yi hamdala, likita ya wuce gado na gaba da jin ya yi aiki, in dare ya yi yaro ya cika a ce kwana ne ya ƙare. Ba wanda zai ɗaga kai ya zargi ledar da ke rataye, don kowa ya shaida ita ce ta farfaɗo da shi da rana. Shi ya sa duk wanda ya ce mini shekara ashirin yana sa wa yara ruwa bai taɓa ganin illa ba, nakan ce masa haka ne, ba za ka gani ba. Ƙwararrun Mulago ma ba su gani ba sai da aka ƙirga gawa.

To me duniya ta yi da wannan sakamako? Ta yi kunnen uwar shegu. An buga binciken a mujallar likitanci ta New England a 2011, amma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fitar da littafinta na kula da yara a asibiti a 2013, shawarar ɗurin gaggawa tana nan. Sai da masu binciken suka fito a 2014 suka yi ƙorafi a rubuce. Sai 2016 hukumar ta gyara, ta ce yaron da bai cika dukkan alamomi uku ba, wato sanyin hannu da ƙafa, da jinkirin dawowar jini a farce fiye da daƙiƙa uku, da raunin jijiya mai saurin bugu, kada a yi masa ɗurin sauri. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da yaran da ƙwayoyin cuta suka bi jininsu kuwa sai 2020 ta yarda cewa inda babu sashen kulawa ta musamman, yaron da matsin jininsa, wato BP, bai faɗi ba kada a ɗura masa. Shekara tara. Binciken asibiti ɗaya a Detroit ya zagaye duniya kafin a ce kwabo, na asibitoci shida a Afirka da yara sama da dubu uku ya yi ta jiran layi. Ni ban san sunan da za a ba wannan ba in ba raini ba.

Masu kare tsohuwar ƙa'ida sun ce yaran Afirka daban ne, maleriya ce da ƙarancin jini suka rikita lissafin. Ko da an yarda, ai mu yaran da muke da su ke nan, kuma sakamakon bai canza ba tsakanin masu maleriya da marasa ita.

Abin dariyar, shi kansa tsarin Detroit bai tsira ba. A 2014 da 2015 aka yi manyan gwaje-gwaje uku, ɗaya a Amurka, ɗaya a Ostireliya da Niyuzilan, ɗaya a Ingila, dukkansu suka nuna bai fi kulawar yau da kullum ba. A Lusaka ta Zambiya kuwa, da aka gwada tsari mai kama da shi kan manya kusan 200, aka buga sakamakon a 2017, kashi 48 na waɗanda aka yi wa tsarin yawan ruwa sun rasu a asibiti, sauran kuma kashi 33. Har a ɓangaren rauni labarin ɗaya ne. Tun 1994 aka nuna a birnin Houston cewa waɗanda aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki, in aka jinkirta ɗura musu ruwa har sai an shiga tiyata, kashi 70 na rayuwa, in aka ɗura tun daga hanya kashi 62 ne. Dalilin ba wuyar ganewa: jini ya fara daskarewa ya toshe rauni, kai kuma ka zo ka tsinka shi da ruwa ka ƙara masa ƙarfin tura. Garin gyaran gira a rasa ido.

Kada wani ya yanki maganata ya ce na hana ƙarin ruwa. FEAST bai ɗauki yara masu amai da gudawa ba, bai ɗauki masu ƙuna ba. Mai kwalara da ido ya faɗa, fata ta bushe, ba ya iya haɗiya, ruwan jijiya ne tsakaninsa da kabari, kuma don irinsa Thomas Latta ya fara wannan aiki a Sikotilan a 1832. Wanda ruwa ya fita daga jikinsa shi ake mayar wa ruwa. Amma ko a nan ɗin, yawancin masu gudawa ruwan gishiri da sukari na sha ya ishe su. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladesh, da ledojin ruwa suka ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, da wannan haɗin ya sauko da mutuwar kwalara daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4. Mu kuwa mun raina shi don araha, don ba ya rataye a ƙusa, ba wanda zai buga waya gida ya yi albishir da shi.

Yanzu a dawo kan matashin namu. A FEAST auna yara ake yi a sikeli, a lissafa mililita, ƙwararru na tsaye da agogo, duk da haka aka samu abin da aka samu. Shi wa ya auna masa nauyin yaro? Wa ya duba masa jini? Ya san yaron na da tamowa, wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar nauyin ruwa? Ya san dattijon da yake huda wa jijiya ƙodarsa ko zuciyarsa lafiya? Buɗe makunnin zai yi ledar ta zube da wuri, don akwai wani gida da ke jiransa. Kuma ko a ce ruwan bai yi kisa da kansa ba, sa'o'in da aka ɓata ana kallon ɗigo su ne sa'o'in da ya kamata yaro ya samu abin da aka tabbatar yana ceto. Gwajin AQUAMAT na 2010, kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya nuna allurar artesunate ta rage mutuwar maleriya mai tsanani daga kashi 10.9 zuwa 8.5 in aka kwatanta da kwinin. Yaron da ya ɗashe jini yake buƙata, wanda ya suma a duba sukarinsa, mai numfashi sama-sama a ba shi oksijin. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin jakar mai tallan WhatsApp.

Wasu likitocin kan ce masu jinya ne ke matsa musu, in ba su sa ruwa ba za a ɗauke yaro a kai kemis. Wannan uzurin mai shago ne, ba na wanda ya yi rantsuwa ba. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: a wuraren kuɗi ledar ruwa tana da riba, gado yana da riba, bayani ba shi da ko sisi. Likitan da ya zauna minti biyar ya fahimtar da uwa dalilin da ya sa ɗanta ba ya buƙatar ruwa bai sayar da komai ba.

Hukumar da ke ba kemis lasisi ta san aikinta, ta fito ta yi. Makarantun koyon jinya da na likitanci su sa FEAST a gaban allo, ba a gefen shafi ba, a kuma tambayi ɗalibi a jarrabawa yaushe ne ba a ɗura ruwa. Gidajen rediyonmu da suka iya sa waƙar rigakafi ta zauna a bakin yara za su iya sa iyaye mata su daina auna likita da leda. Jami'o'inmu kuma su daina jiran a aiko da ƙa'ida daga ƙetare su haddace. Yaran da ke kwance a ɗakunan gaggawa na Kano da Maraɗi da Sakkwato sun isa a ƙirga abin da ke ceton su da abin da ke kashe su.

Na rubuta kaɗan daga cikin wannan a zauren unguwar, na ce wa baiwar Allahn nan mai yiwuwa likitan da ya sallame ta da ƙwayoyi shi ne ya fi kowa tausayin ɗanta. Ba ta ba ni amsa ba. Mai farar riga ne ya amsa, ya ce in ina da buƙata akwai rangwame ga wanda ya sayi leda uku.