A Daina Auna Raunin Juna: Nasiha ga 'Yan Mazan Jiya da Masu Kaki

Assalamu alaikum 'yan'uwana 'yan mazan jiya, da ku ƙannenmu da har yanzu kuke cikin kaki.

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, kuma duk lokacin da na ji ta ko na karanta ta sai raina ya ɓaci: "Kai ina ka taɓa yin yaƙi?" Mai yin ta ba amsa yake nema ba. Ana jefa ta ne idan gardama ta yi zafi, don a rufe wa mutum baki, a nuna masa cewa shekarun da ya kwashe yana aiki ba su kai a saurare shi ba. Da a nan ake tsayawa da da sauƙi. Sai a biyo ta da "sojan ofis", "sojan kicin", "matsoraci", har a gangara zuwa zagin iyaye, duk tsakanin mutanen da suka yi rantsuwa iri ɗaya, suka sha rana ɗaya a filin fareti. Da waya ta shiga hannun kowa kuwa abin ya ƙara lalacewa. Wanda ba zai iya kallon ƙwayar idonka ya gaya maka baƙar magana ba, yana kwance a kan gadonsa zai rubuta maka ita, ɗaruruwan mutane su karanta, kuma ta zauna nan har bayan fushinsa ya huce.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mu ne muka fi kowa sanin ladabi. Kurtu ba ya wuce hafsa bai sara masa ba. Kofur ba ya katse wa samanja magana. Mai tsageranci ya san gadirum na jiransa. Amma da zarar an tuɓe kaki, ko an laɓe a bayan waya inda ba a ganin igiya a hannu ko anini a kafaɗa, sai ladabin ya bi ruwa. Ashe da yawanmu tsoron hukunci ne kawai ya riƙe mana baki duk shekarun nan. Wannan abin kunya ne, domin an horar da mu ne don kamun kai ya zama halinmu, ya bi mu har gida, har tsufa.

Bari mu fara da mai raina wanda bai riƙe bindiga a bakin daga ba. A ƙarshen watan Agusta na 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar Janar George Patton ta Amurka tana korar sojojin Jamus a cikin Faransa da saurin da ba a zata ba, sai ta tsaya cik kusa da garin Metz. Ba abokan gaba ne suka tsayar da ita ba, man fetur ne ya yanke. Tankokin yaƙi suka zama tulin ƙarfe. A waɗannan watannin, abin da ya riƙe rundunonin Amurka da ƙawayenta shi ne ayarin manyan motoci da aka yi wa laƙabi da Red Ball Express, wanda ya yi aiki daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba, da motoci kusan 6,000 a lokacin da aikin ya fi tsanani, dare da rana suna jigilar mai da harsashi da abinci daga gaɓar tekun Nomandi da ke Faransa. Kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fata ne, waɗanda a wancan zamanin ake ware su, ana ganin ba su isa a tura su gaba ba. Duk wanda ya taɓa ƙirga harsashin da ya rage masa yana jiran mota, ya san darajar direba. Wanda ya kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba, ba zai kira wani "sojan kicin" da raini ba. Makanike, mai rediyo, akawun da ke lissafin albashi, likita, duk a kansu mai bindiga yake tsaye, kuma mafi yawansu ba su ne suka zaɓi inda aka tura su ba. Oda aka ba su, kamar yadda aka ba ka.

Ku tuna da Desmond Doss, ma'aikacin jinya a rundunar Amurka, wanda ya ƙi taɓa bindiga saboda addininsa. Abokan aikinsa sun yi masa ba'a a sansanin horo, har aka nemi a sallame shi. A watan Mayu na 1945, a tsibirin Okinawa, shi kaɗai ya yi ta janyo masu rauni yana sauko da su da igiya daga kan tsauni, aka ƙiyasta mutum 75. An ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasarsa.

Amma inda na fi so mu tsaya mu yi tunani shi ne raunin da ido ba ya gani, domin a nan harshenmu ya fi yin ɓarna.

Wannan cutar tsohuwa ce, kuma jahiltarta ya ci rayuka. A Yaƙin Duniya na Farko, sojoji da yawa sun dawo daga ramuka jikinsu na rawa, wasu ba sa iya magana, wasu ba sa iya barci, alhali babu ko ƙwarzane a jikinsu. Manya da dama suka ce ragwanci ne. Birtaniya ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta su 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen daga da tsoro, kuma daga baya aka fahimci cewa a cikinsu akwai waɗanda firgicin yaƙi ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan iyayensu da matansu sun daɗe a kabari da wannan tabon. Shi kansa Patton ɗin nan, a watan Agusta na 1943 a tsibirin Sisili, ya shiga asibitin sansani sau biyu ya mari sojoji biyu da aka kwantar saboda firgici, ya kira su matsorata. Na farkon ma daga baya aka gano yana fama da zazzaɓin cizon sauro da atini. Janar Eisenhower, shugabansa a aikin soja, ya tilasta masa ya ba da haƙuri, kuma ya yi kusan shekara guda ba a ba shi runduna ya jagoranta a fagen yaƙi ba. Janar guda ke nan, a tsakiyar yaƙi, ba a ƙyale shi ba. Sai a 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da wannan cutar cikin jerin cututtukan da aka sani da suna, wato larurar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali: mafarkai masu firgitarwa, zabura da an ji ƙara, saurin fushi, gudun mutane, da ganin abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa.

Duniya ta kwashe shekaru sama da 60 kafin ta yarda cewa wannan ciwo ne. Mu kuma da muka ga abin da idonmu, muna so mu mayar da hannun agogo baya da saƙo guda.

Ba daga nesa nake faɗar wannan ba, na aikata. Shekarun baya wani ƙanena a aiki ya rubuto mana da tsakar dare cewa ya kwana uku bai runtsa ba, kuma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya tsinci kansa kwance a ƙasa. Ni ne na fara ba shi amsa. Na ce mu da muka ga abin da ya fi nasa muna barcinmu lafiya, ya zama namiji. Wasu suka biye mini da dariya. Bai ƙara cewa uffan ba, ni kuma na manta. Bayan watanni wani ɗan'uwansa ya sanar da ni cewa an kwantar da shi a asibiti, kuma ya kusa halaka kansa kafin a kai shi. Har yau idan na tuna da saƙon nan nawa sai na ji nauyi a ƙirjina. Na auna ciwonsa da nawa mudu, na ce bai cika ba. Alhali mutum biyu za su kasance a mota ɗaya nakiya ta tashi da su, ɗaya ya warware cikin wata guda, ɗayan ya shekara goma yana jin ƙarar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku sani, zagin bare ba ya yi wa soja zafi kamar na ɗan'uwansa soja. Idan farar hula ya ce masa rago, zai ce ai bai san komai ba. Idan kai ka faɗa, kai da ka san komai, sai ya yarda. Kuma ba shi kaɗai ka rufe wa baki ba. Akwai wasu goma da ke karantawa shiru, masu irin ciwonsa, da suka ga yadda aka yi da shi suka ƙudurta cewa ba za su taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai maganar hotuna. Wani zai samu hoton abokin aiki da ya rasu a fagen daga, jina-jina, ya watsa shi tun kafin hukuma ta sanar da iyalinsa, don dai a ce shi ya fara kawo labari. Uwa ta ga gawar ɗanta a wayar maƙwabta. Yarjejeniyar Janiba ta uku, ta 1949, a sashe na 13 ta ce dole a kare fursunan yaƙi daga zagi da kuma mayar da shi abin kallon jama'a. Abokin gaba ke nan, wanda jiya yake neman ranka. Yaya za a ce mutuncin da doka ta wajabta mana mu kare wa maƙiyi, mu kasa kare shi ga wanda muka kwana rami ɗaya da shi? Haka nan bayyana inda runduna take ko inda za ta nufa don burge mutane. Wannan ya wuce rashin ladabi, wasa ne da ran waɗanda ke can.

Ku 'yan'uwana da muka yi ritaya, mu rage "a zamaninmu". Kowane zamani da irin yaƙinsa. Yaran nan suna fuskantar nakiyoyin gefen hanya da jirage marasa matuƙa da abokin gaban da ba ya sa kaki, abubuwan da wasunmu ba su taɓa gani ba. Idan za mu gyara musu, mu kira su gefe, yadda samanja nagari yake yi. Ku kuma ƙannenmu, tsohon da kuke gani yana dogara sanda yana bin layin fansho, kuna yi masa kallon wanda zamani ya wuce, shi ne ku nan da 'yan shekaru idan Allah Ya ja kwana. Ko ya maimaita labarinsa sau goma, ku saurara. Wataƙila ku kaɗai kuka rage masa da za su gane abin da yake faɗa.

Ban ce a daina barkwanci ba. Tsokanar da ke tsakanin sojan ƙasa da na sama da na ruwa daɗaɗɗiya ce, kuma ita ke rage mana nauyin zuciya. Amma kowa ya san inda wasa yake ƙarewa: idan kai kaɗai kake dariya, wanda kake yi da shi ya yi shiru, to ka taka shi. Ban kuma ce a daina saɓani ba, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Za mu bambanta a siyasa, a kan yaƙin da ya dace a yi da wanda bai dace ba, a kan kwamandan da ya kyauta da wanda ya yi kuskure. A faɗi hujja, a bar mutuncin mutum da ƙabilarsa da addininsa. Lokacin da harsashi ke ruwa babu wanda ya tambayi na kusa da shi wa ya zaɓa. A 1913, shekara 50 bayan gumurzun Gettysburg na yaƙin basasar Amurka, tsofaffin sojoji sama da 50,000 daga ɓangarorin biyu suka taru a filin da suka kashe juna, suka yi musabaha. Mu da muke ɓangare ɗaya ba mu da uzuri.

Akwai masu ƙaryar cewa sun yi soja, ko su rataya lambar yabon da ba tasu ba, kuma fushin da ake yi da su yana kan hanya. Sai dai a bincika kafin a tozarta. Mutum zai iya manta lambar bataliya ko ya rikita shekara, musamman wanda tsufa ko ciwo ya taɓa, sai a taru a kansa a ce maƙaryaci ne, daga baya gaskiya ta fito bayan an gama zubar masa da mutunci a gaban 'ya'yansa. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu tantance labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, kuma a surar dai Ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi.

Kuma mu da muke gani muna shiru, muna da namu kason. Idan an taso wani a gaba, mutum ɗaya ya ce "ya isa haka, ɗan'uwanmu ne" yakan kashe wutar. Sau da yawa kowa jira yake wani ya fara.

Da ƙanen nan nawa ya fito daga asibiti na je har inda yake. Na ce masa na zalunce shi, ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Oga, na yafe. Amma da wani ne ya faɗa da ban damu ba." Na tambaye shi me ya so in ce masa a daren nan. Ya ce ba magani ya nema a wurina ba, ya san ni ba likita ba ne. So ya yi in tambaye shi tun yaushe abin ya fara, in kuma ce masa ya ɗauki waya ga ni nan ina kira. Yanzu yana ganin likitansa duk wata, barcinsa ya fara daidaita, ni kuma ina kiransa duk ranar Lahadi da yamma.